Ta Yaya Makahon da Bai Iya Rubutu Ba Ya Tsara Waƙa Mai Ɗango Dubu 15?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen adabi. An koya mana cewa adabin tsoffin Girkawa ya faro ne daga dogayen waƙoƙi biyu, Iliyad da Odisiya, na wani mawaƙi Homer. Sai kuma na karanta cewa makaho ne, kuma bai iya rubutu ba. Ta yaya mutum zai haddace waƙa mai wannan tsawo ba takarda ba alƙalami? Ko dai duk labarin nasa tatsuniya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, kin taɓo tambayar da masana suka shafe sama da shekara 200 suna kai ruwa rana a kanta, don haka ki gyara zama.

Bari mu fara sanin girman kayan da muke magana a kai. Iliyad tana da ɗango 15,693, Odisiya kuma kimanin 12,100. Wanda zai rera Iliyad daga farko zuwa ƙarshe ba hutu zai ci fiye da awa 20, wato a aikace sai an yi kwanaki ana zama ana tashi. Yawancin masana suna sanya tsara waƙoƙin tsakanin shekara ta 750 da ta 650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sunan mawaƙin a bakin Girkawa Homeros ne, Turawan Ingila ne suka gutsure shi, kuma da na asalin zan ci gaba.

Batun makanta shi ne mafi rauni a cikin abin da kika karanta. Girkawan kansu ba su da wani tabbataccen tarihin mutumin. Garuruwa bakwai ne suka riƙa jayayya kowa na cewa ɗansa ne, waɗanda suka fi ƙarfin hujja su ne tsibirin Kiyos da birnin Simirna, wanda yanzu shi ne Izmir ta Turkiyya. Hirodotus, masanin tarihin nan na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, abin da ya iya cewa kawai shi ne Homeros ya riga shi da shekara 400, ba su fi haka ba. Zancen makantar daga wuri biyu ya fito. Akwai wata tsohuwar waƙar yabon Afollo, ɗaya daga cikin allolinsu, inda mawaƙin ya gaya wa 'yan mata cewa in an tambaye su wa ya fi kowa daɗin waƙa, su ce wani makaho ne mazaunin Kiyos mai duwatsu. Mutanen da sun ɗauka Homeros ne ke maganar kansa. Sannan a cikin Odisiya akwai makahon mawaƙin fada mai suna Demodokos, wanda ya rera labarin yaƙin da Girkawa suka kai wa birnin Taroy har Odisiyus, jarumin waƙar, ya ja mayafi ya rufe fuska yana kuka. Sai aka ce ai mawaƙin kansa ya zana. Mai yiwuwa ne, amma hasashe ne.

Ko da ma makahon ne, wannan ba abin da zai ɗaure wa Bahaushe kai ba ne. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ya kuma tsara Imfiraji. Makanta ba ta taɓa hana waƙa ba.

Batun rubutu ya fi nauyi. Girkawa sun taɓa yin rubutu, suka rasa shi, sannan suka sake samun wani. A zamanin manyan fadojin Maisini da Filos da Kunosos, wajen 1400 zuwa 1200 kafin Miladiyya, ma'aikatan fada suna rubutu a kan allunan yumɓu da wasu alamomi da kowace ke wakiltar gaɓa guda. Wani Bature mai zanen gine-gine, Michael Ventris, shi ya warware karatunsu a 1952, ya nuna tsohon Girkanci ne. Da aka karanta allunan sai aka tarar ba ko ɗango ɗaya na waƙa: lissafin tumaki ne da man zaitun da kekunan yaƙi da abincin ma'aikata. Wajen 1200 fadojin suka rushe, wutar da ta cinye su ma ita ta gasa allunan har suka kawo zamaninmu, rubutun kuma ya bi masu shi. Ƙasar ta yi kimanin shekara 400 ba mai rubuta komai.

A ƙarni na 8 kafin Miladiyya ne suka aro baƙaƙe daga Finisawa, 'yan kasuwar gaɓar tekun da ke Lebanon ta yau. Shi ya sa harufansu na farko suke alfa da beta, 'yan uwan alif da ba da muka taso da su a makarantar allo. Abin da Girkawa suka ƙara shi ne sun ware wa wasula harufa na kansu. Daga cikin rubutun farko da aka tono akwai wani kofin shan giya da aka samu a 1954 a tsibirin Iskiya kusa da Italiya, na wajen 730 kafin Miladiyya, an ƙarce masa ɗango a kan karin waƙa irin na Homeros. Ke nan lokacin da aka tsara Iliyad rubutu ya iso, amma sabon abu ne, bai zama ruwan dare ba. A cikin waƙar gaba ɗaya sau ɗaya tak aka ambaci rubutu, a kashi na 6 daga cikin kashi 24 da aka raba ta, inda wani sarki ya ba baƙonsa naɗaɗɗen allo mai "miyagun alamomi" ya kai wa surukinsa, ashe saƙon shi ne a kashe wanda ya kawo. Yadda mawaƙin ya kwatanta abin, kamar mai maganar laya yake yi.

To yanzu ga inda tambayarki ta ɗan kauce, wato kalmar "haddace". Hadda ba abin mamaki ba ce, mu da muke zaune da alarammomi mun fi kowa sani. Su ma Girkawa daga baya sun yi ta: Zenofon ya kawo wani saurayi a Atina da ke cewa mahaifinsa ya tilasta masa haddace Iliyad da Odisiya duka. Amma hadda tana buƙatar tsayayyen nassi da za a koma a duba in an yi tuntuɓe. Mawaƙin zamanin Homeros ba shi da wannan. Abin da yake da shi wani harshe ne na musamman, harshen waƙa, wanda ya koya tun yana yaro kamar yadda ake koyon kowane harshe, kuma da shi yake tsara waƙar a daidai lokacin da yake rera ta.

Don ki gane yadda abin yake, sai kin san karin. Waƙar Girkawa ba ta da amsa-amo a ƙarshen ɗango. Ma'auninta nauyin gaɓa ne, kamar aruli na Larabci da rubutacciyar waƙar Hausa. Kowane ɗango na Homeros yana da ƙafa shida, kowace ƙafa ko dai gaɓa mai nauyi ɗaya da marasa nauyi biyu, ko masu nauyi biyu. Ki furta "Sakkwato", kin sami ta farko. Ki furta "Zazzau", kin sami ta biyu. In kika ce "Sakkwato, Sakkwato, Zazzau, Sakkwato, Sakkwato, Zazzau" kin rera cikakken ɗango a karin Iliyad, kuma kusan kullum da "Sakkwato, Zazzau" ɗangon ke rufewa. Yanzu ki ƙaddara an ce ki ba da labarin yaƙi a kan wannan ma'auni, a gaban taro, kina kaɗa tsirkiya, ba damar tsayawa tunani. Ba mai iya wannan in kalma ɗaya ɗaya zai riƙa nema.

Wanda ya gano sirrin wani matashi ne Ba'amurke, Milman Parry, a kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Faris a 1928. Tun da daɗewa masu karatu sun lura cewa kowane jarumi a waƙoƙin yana da kirarin da ke bin sunansa: Akilis mai saurin ƙafa, Hektor mai horar da dawaki, Agamemnon sarkin mazaje, alfijir mai yatsu ja, teku mai launin giya. An ɗauka ado ne kawai. Parry ya zauna ya ƙirga, ya ga abin yana da tsari kamar lissafi. Ɗauki Odisiyus. In ɗan gurbi kaɗan ya rage a ƙarshen ɗango, mawaƙin zai ce "dios Odusseus", Odisiyus mai daraja. In gurbin ya fi haka tsawo, sai "polumetis Odusseus", mai yawan dabara. In rabin ɗango ne ya rage, sai "polutlas dios Odusseus", mai yawan juriya mai daraja. Kowane girman gurbi da kirarinsa, kuma da wuya ki sami biyu masu awo ɗaya suna aiki ɗaya. Ba ma'anar wurin ce ke zaɓen kirarin ba sau da yawa, awon da ya rage ne. Shi ya sa Akilis yake "mai saurin ƙafa" ko yana zaune a tantinsa yana fushi, jiragen ruwa suke "masu gudu" alhali shekara tara suna girke a kan yashi, har wani mazinaci da ya kashe ɗan uwansa ya sami kirarin "marar aibi" a farkon Odisiya. Parry ya ce tsari mai wannan faɗi da wannan tsimi ba aikin mutum ɗaya ba ne, gado ne da mawaƙa suka yi ɗaruruwan shekaru suna gogewa, kuma ba mai buƙatarsa sai wanda ke tsara waƙa da baki.

Ba kirari kaɗai ba. Cikakkun ɗango suna dawowa yadda suke duk lokacin da gari ya waye, ko aka gama cin abinci, ko wani zai mayar da magana. Har fage guda yana da jerinsa. In jarumi zai sa kayan yaƙi, da makarin ƙwauri zai fara, sai sulke, sai takobi, sai garkuwa, sai kwalkwali, sai mashi. In baƙo ya zo, a tarbe shi, a zaunar da shi, a kawo ruwan wanke hannu, a ci a sha, sannan a tambaye shi ko shi wane ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗangon waƙoƙin maimaici ne, ko duka ko wani sashe. Ɗalibaina kan yi ƙorafi a kan wannan maimaicin duk shekara, ni kuma nakan tambaye su ko sun taɓa jin wanda ya gaji da "toron giwa" ko "gagara badau" a bakin makaɗin fada. Wanda ya saba jin makaɗanmu ya san jagora yana da rumbun kirari da salon magana da yake ɗebowa, kuma waƙa ɗaya in ya yi ta yau a wannan fada ya sake ta gobe a wata, ba za ta fito daidai wa daida ba. Sai dai kada a ja kwatancen ya wuce wurinsa. Makaɗinmu yana da 'yan amshi da ke ba shi sararin numfashi da tunani, kuma yabo ne turkensa. Na Girkawa shi kaɗai yake da abin kiɗansa mai tsirkiya, labari yake ja mai tsawo. Ta wannan fuska ya fi kama da marokan Mali masu rera tarihin Sunjata.

Parry bai tsaya a lissafin takarda ba. Daga 1933 zuwa 1935 ya tafi tsohuwar Yugoslabiya da ɗalibinsa Albert Lord da na'urar ɗaukar murya a kan faya-fayen alminiyam, suna neman mawaƙan da ba su yi karatu ba, masu rera labaran jarumai da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake gogawa, kamar gogenmu. Waɗanda suka fi dogayen waƙoƙi Musulmin yankin ne, domin a watan azumi akan ɗauki mawaƙi a gidan gahawa ya yi ta rerawa dare bayan dare. A can suka haɗu da wani dattijo, Avdo Međedović, a garin Bijelo Polje da ke Montenegro ta yau. Bai iya karatu ba, amma ya yi musu shiftar waƙa guda mai ɗango sama da 12,000, tsawon Odisiya ke nan. Sun kuma yi masa wata jarrabawa: aka sa wani mawaƙi ya rera waƙar da Avdo bai taɓa ji ba, mai ɗango 2,294. Da ya gama, Avdo ya karɓi goge ya maimaita labarin nan take, ya fito da ɗango 6,313. Labarin bai canza ba, ya dai ƙawata shi da kwatancen dawaki da tufafi da zantukan zuci.

Wani abin da ya fi burge ni a binciken nan shi ne mawaƙan kan rantse cewa waƙarsu ba ta canzawa, kalma da kalma suke maimaita ta. In aka saurari faifan bara da na bana sai a ga bambanci a ko'ina. Ba ƙarya suke yi ba. A wurin wanda bai san rubutu ba, "waƙa ɗaya" na nufin labari ɗaya da aka faɗa daidai, ba jerin kalmomi ɗaya ba. Parry ya rasu a ƙarshen 1935 yana da shekara 33, harsashin bindiga ya same shi a wani masauki a Los Angeles. Lord ne ya ƙarasa aikin ya fitar da shi littafi a 1960.

Da zarar an fahimci wannan, abubuwa da yawa da suka rikita magabata sai su warware. Harshen waƙoƙin, alal misali, ba wanda ya taɓa magana da shi a kasuwa. Gauraye ne na karin harshen Iyoniya da na Iyoliya da tsofaffin kalmomin da su Girkawan ƙarni na 5 ma ba su san ma'anarsu ba. Akwai ɗango masu yawa da awonsu yake karye, har sai da wani malami a Ingila, Richard Bentley, ya lura cewa in aka mayar da sautin "w" da ya ɓace daga harshen, a ce "woinos" maimakon "oinos" wato giya, sai awon ya miƙe. Ma'ana an ƙera waɗannan jimloli tun ana furta "w" ɗin, aka yi ta gadonsu bayan sautin ya mutu. Haka kayan da ke cikin labarin. A kashi na 10 na Iliyad an kwatanta kwalkwalin da aka jera wa haƙoran gursunun daji, irin wanda masu tono suka samu a kaburburan zamanin Maisini, wanda aka daina yi ɗaruruwan shekaru kafin Homeros. Bai taɓa ganinsa a kan wani mayaƙi ba, a waƙa ya gaje shi. Jarumansa da tagulla suke yaƙi kamar mutanen da, amma in zai yi kwatance sai baƙin ƙarfen zamaninsa ya kutso. Ya san magabata suna da kekunan doki, amma yadda yake amfani da su abin dariya ne: jarumi ya hau a kai shi fagen fama, ya sauka ya yi faɗa a ƙasa, direba na jira.

Su ma kurakuran da ke ciki irin na mai waƙar baka ne. Wani sarki mai suna Filaimenes an kashe shi a kashi na 5, sai ga shi a kashi na 13 yana bin gawar ɗansa yana hawaye. A kashi na 9 an aiki mutum uku su je biko wurin Akilis, amma a hanya sai mawaƙin ya riƙa amfani da sigar mutum biyu, irin musanna na Larabci. A 1795 wani Bajamushe, Friedrich August Wolf, ya kafa hujja da rashin rubutu ya ce waƙoƙin gutsattsari ne da aka ɗinke daga baya, kuma masana Jamus suka shafe ƙarni guda suna yayyanka Iliyad suna neman inda ɗinkin yake. Mai rerawa a gaban jama'a ba ya iya komawa shafi na baya ya goge, kuma masu sauraro ba su damu ba.

Saura tambaya mai wuya: in kowace rerawa sabuwa ce, ta yaya wannan guda ta tsaya har ta iso gare mu? Ra'ayi ya kasu. Lord ya ce shifta aka yi, gwanin mawaƙi yana faɗa wani yana rubutawa, kamar yadda Avdo ya yi, kuma jinkirin shiftar ne ya ba shi damar faɗaɗawa fiye da yadda zai yi a dandali. Martin West na Ingila ya ce mawaƙin ya koyi sabon rubutun ne da kansa, ya yi shekaru yana ƙari a cikin abin da ya rubuta. Gregory Nagy kuma yana ganin ba rana ɗaya aka yi ba, waƙoƙin sun yi ta daskarewa a hankali cikin ƙarnoni saboda yawan rera su a manyan bukukuwa. Ni dai na fi karkata ga na farko, kuma dalilina ginin Iliyad ne.

Ki duba abin da mawaƙin ya yi. Yaƙin Taroy shekara goma aka yi, amma shi kwana hamsin da 'yan kai kawai ya ɗauka daga shekara ta ƙarshe. Yawancin mutane suna zaton labarin dokin katakon da Girkawa suka ɓuya a cikinsa suka ci Taroy yana cikin Iliyad. Babu shi, a Odisiya aka ba da shi a taƙaice. Sace Helen, matar da aka yi yaƙin dominta, ba a nuna shi ba, mutuwar Akilis ma haka, ko da yake inuwarta tana kan waƙar tun daga farko. Kalmar farko ta waƙar ita ce "menin", wato fushi, kuma shi ne turken: Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa, ya ƙwace wa Akilis, babban jaruminsu, kuyangar da aka ba shi a ganima, Akilis ya yi zuciya ya janye daga yaƙi, Girkawa suka sha kashi, amininsa Fatroklus ya ari kayan yaƙinsa ya fita, Hektor, jarumin Taroy, ya kashe shi, Akilis ya dawo ya kashe Hektor ya ɗaure gawar a keken doki yana ja. Aristotil ya yaba wa Homeros a kan wannan zaɓi, ya ce sauran mawaƙa sukan kwashi yaƙin gaba ɗaya su zuba. Waɗancan waƙoƙin nasu kuwa sun ɓace, sai taƙaitawa da 'yan ɗango.

Kuma ki ga yadda yake sarrafa gadon da ya tarar. Jerin sa kayan yaƙi da na ambata ya zo sau huɗu. A na Fatroklus komai ya tafi yadda aka saba, makarin ƙwauri, sulke, takobi, garkuwa, kwalkwali, sai aka zo kan mashi mawaƙin ya ce bai ɗauki mashin Akilis ba, domin ba mai iya girgiza shi sai mai shi. Mai sauraron da ya san jerin, nan take gabansa zai faɗi, ya san wannan ba zai dawo ba. Ko kuma kashi na 6, inda Hektor ya miƙa hannu zai ɗauki jaririnsa, yaron ya tsorata da gashin dokin da ke kan kwalkwali ya maƙale wa mai reno, uwa da uba suka yi dariya, ya cire kwalkwalin ya ajiye a ƙasa. Mawaƙin Bagirke ne, amma abokin gaba ya ba wannan fage. Irin wannan ba ya fitowa daga ɗinkin gutsattsari. Wani ne da ya ƙware a tsohuwar sana'a, ya kuma yi dace rubutu ya iso a zamaninsa. Ko shi ne ya yi Odisiya, wannan tun a zamanin da akwai masu cewa a'a, kuma har yau ba a rufe maganar ba.

Abin da ya biyo baya ya fi sauƙin bi. A ƙarni na 6 kafin Miladiyya aka kafa doka a Atina cewa a babban bikin birnin masu rerawa su riƙa karɓa-karɓa, wani ya ɗora daga inda wani ya tsaya, bisa jeri. Waɗannan su ne mahaddata na gaskiya, sanda suke riƙewa ba abin kiɗa ba. Waƙoƙin suka zama littafin karatun yara. Ba kowa ya ji daɗi ba: Zenofanis ya zargi Homeros da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, Aflaton kuma ya ce a birnin da yake mafarki ba za a bar irin waɗannan mawaƙa ba. Duk da haka an ruwaito cewa Iskandar mai girma da kwafin Iliyad yake kwana a ƙarƙashin matashinsa. A ɗakin karatu na Iskandariyya ta Masar, a ƙarni na 3 da na 2 kafin Miladiyya, malamai irin su Zenodotus da Aristarkus suka tara kwafe-kwafe daga garuruwa suna gwadawa, suna sa ɗan gajeren layi a gefen duk ɗangon da suke shakka. Tsofaffin takardun da aka tono a yashin Masar sun nuna kafin aikinsu kwafe-kwafen suna da ƙarin ɗango barkatai, bayan wajen 150 kafin Miladiyya sai suka daidaita. Kasa kowace waƙa kashi 24 kuwa bisa adadin harufan Girkanci aka yi. Mafi darajar cikakken kwafin Iliyad na hannu na ƙarni na 10 ne bayan Miladiyya, yana ajiye a birnin Benis, kuma a Fulorens aka fara buga waƙoƙin a 1488.

Wataƙila ki yi mamakin me ya sa malamanmu na zaure suka san Aflaton da Aristotil da Jalinus amma ba su san Homeros ba. Masu fassara na zamanin Abbasiyawa falsafa da likitanci da lissafi suka ɗauka, suka bar waƙa. Jahiz ma ya faɗa cewa waƙa ba ta fassaruwa, in an juya ta awonta ya rushe. Ko da Abu Bishr Matta ya fassara littafin Aristotil kan waƙa a ƙarni na 10, da ya zo kan wasan kwaikwayo na ban tausayi da na ban dariya, waɗanda Bagadaza ba ta san su ba, sai ya kira su madihu da hija'i, yabo da zambo. Iliyad ba ta fito da Larabci a waƙe ba sai 1904, a Alƙahira, ta hannun Sulaiman al-Bustani.

In za ki karanta, kada ki fara da niyyar cinye ta gaba ɗaya, jerin jiragen ruwa 1,186 da ke kashi na 2 ya karya gwiwar mutane da yawa. Ki ɗauki kashi na 1, 6, 9, 16, 22 da 24, ki karanta a bayyane ba a zuci ba, domin kunne aka yi wa ita. A na 24 ne tsoho Firiyam, sarkin Taroy, ya shiga sansanin maƙiya da dare, ya durƙusa ya sumbaci hannun da ya kashe masa 'ya'ya, yana roƙon gawar Hektor. Ya ce wa Akilis ya tuna da mahaifinsa, su biyun suka zauna suna kuka, kowa da wanda yake yi wa. Sannan aka yanka tunkiya, aka gasa, aka ci, da irin ɗangon nan da aka yi ta maimaitawa a kowane cin abinci tun farkon waƙar. Akilis ya tsagaita yaƙi na kwana 11 don a yi makoki. Ɗangon ƙarshe na waƙar cewa ya yi haka suka yi jana'izar Hektor, ya kuma bi sunan da kirarinsa na kullum, mai horar da dawaki.